Shamuwa da Daminar Ƙuruciyarmu a Shagari

Kafin a fara jin hasashen yanayi a rediyo, manoman Shagari suna da abubuwan da suke dubawa idan bazara ta yi nisa. Suna duba iska, ko ta bar gabas ta juyo daga kudu maso yamma. Suna duba gawo, ko ya fara zubar da ganye, domin shi ne itacen da ke tuɓewa a lokacin da sauran itatuwa ke toho. Sannan su ɗaga kai su nemi shamuwa. A cikin ukun nan shamuwa ce ta fi shiga ran yara, don ita ake gani da ido a yi shelarta. Duk yaron da ya riga kowa ganin ta farko a shekara, da gudu yake faɗawa gida yana faɗa, kuma ranar nan har dare labarin na bakinsa.

Na tashi a Shagari a shekarun 1970, garin yana 'yan unguwanni a bakin hanyar da ta baro Sakkwato, ta ratsa Boɗinga, ta miƙa Tambuwal da Jega. Duniya ba ta san sunansa sosai ba sai a 1979, da aka zaɓi Alhaji Shehu Shagari shugaban ƙasa. Mu yaran lokacin, duniyarmu ba ta wuce makarantar allo da firamare da kiwon awaki da fadama ba. A ƙofar gidan kakanmu akwai wata tsohuwar tsamiya wadda reshenta ɗaya ya miƙo har bisa soron zaure. A kanta shamuwa ke sauka kowace shekara, kuma a gindinta na koyi mafi yawan abin da na sani game da tsuntsun nan, tun kafin in buɗe littafin da ya yi maganarsa.

Wanda ya hango ta daga nesa zai ce baƙa ce, cikinta fari, shi ke nan. Sai ka matsa kusa za ka ga baƙin nan yana walƙiya da kore da shunayya idan rana ta doke shi. Ƙafafunta dogaye ne masu ruwan toka, gwiwa da yatsu jajaye. Fatar fuskarta shuɗiya ce a gindin baki, da ɗan ja a gaban ido, kuma launukan nan sun fi fitowa a lokacin aure da ƙwai. Tsayinta wajen santimita 73, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai. Danginta, masu dogayen ƙafafu da dogon baki mai kauri, sun kai iri 20 ko kusa da haka a duniya, ita ce autarsu. Namiji da mace kamanninsu ɗaya, sai dai namijin ya ɗan fi girma.

Takan iso a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, gonaki sun yi fari fat, ba ɗigon ruwa ko ɗaya. Wannan ya daɗe yana ɗaure mini kai. Wata rana Baba yana gyaran ƙotar sungumi a zaure, na ce masa, "Baba, mi as sa shamuwa ka zuwa tun ba a yi ruwa ba?" Bai ɗago ba ya ce, "Mai son gina ɗaki, sai ruwa sun sauko shi ka hwarawa?" Da na girma na zauna na yi lissafin, sai na tarar amsar nan ta ƙunshi komai. Kwanci yana cin kwana 30 zuwa 31. Daga ƙyanƙyasa zuwa ranar da ɗan zai tashi sama, kwana 50 zuwa 60 ne. Ga kwanakin neman abokin zama da gyaran sheƙa. Duka-duka an haura wata uku. Daminarmu kuwa daga Yuni ce zuwa Satumba, ruwan da ke sauka a shekara wajen milimita 600 zuwa 700, wata shekarar ma bai kai ba. Tsuntsun da ya jira sai ruwa ya zauna sannan ya fara ɗaukar kirare, 'ya'yansa za su buɗe baki ne lokacin da abinci ya fara ƙarewa.

Namiji ne ke fara kama wuri, yawanci tsohuwar sheƙar bara. Yakan tsaya a kai yana korar duk wanda ya matso, har macen da ta zo dominsa. Ita kuma sai ta sauka kusa, ta sunkuyar da kai, ta buɗe fukafukai. Ya kai mata sara, ta ja baya, ta sake dawowa. Haka za su yi ta yi, wani lokaci kwanaki, har ya sauko ya bar ta ta hau. Daga ranar nan duk sa'ad da ɗaya ya dawo daga kiwo sai sun gaisa: su buɗe fukafukai, su sauke kai ƙasa su ɗaga sama, da ɗan fito siriri, sannan su kaɗa baki ƙwas-ƙwas-ƙwas. Dangin shamuwa ba su da irin maƙogwaron da tsuntsaye masu waƙa ke da shi, kaɗa bakin nan shi ne yawancin maganarsu. Da asuba, muna hanyar makarantar allo, shi muke fara ji daga saman tsamiya.

Ginin sheƙa aikin su biyu ne, amma namiji ya fi jigila, mace ta fi jerawa. Kirare ne da karan dawa a ƙasa, ciyawa da tsumma da ganye a tsakiya. Kowace shekara sai an ƙara a kan na bara, har faɗin wata ya kai mita guda. Innarmu takan yi mita cewa kiraren da muka tara mata na hura wuta suna raguwa, dannin bayan gida kuma yana ta zama giɓi-giɓi. Mitar ba ta wuce baki ba. Ban taɓa ganin ta ɗauki ko tsinke ta kore su ba.

Mai tsaron tsamiyar ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Tana zaune a tabarmarta bakin zaure tana kaɗi, amma idonta na kan itacen. Da rani kowa na hawa ya kaɗo tsamiya, ba ruwanta. Da shamuwa ta sauka kuwa an rufe. Ko ni da take kira maigidanta, in ta ga na doshi gindin sai in ji, "Maigida, mi kaka nema nan? Iccen ga na baƙi na yanzu, sai sun tashi." Yaron da ya zo unguwar da danƙon harbi, ita da kanta take karɓewa ta aika wa uwarsa. Tsofaffi suna cewa wanda ya fasa ƙwan shamuwa hadari zai tsallake gonarsa, wasu su ce gobara za ta ci ɗakinsa. Malaminmu na allo bai yarda da wannan ba, ya ce camfi ne. Amma bai tsaya nan ba. Ya ba mu labarin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a cikin tafiya, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su mayar mata. Wani babban almajiri ya ce, "Allah gafarta Malam, ko da tsuntsun da ba a ci?" Malam ya ce ai wanda ba za ka ci ba shi ya fi cancanta ka bari, don ba ka da hujjar taɓa shi ko kaɗan. Ta fuskar camfi da ta fuskar karatu, hukuncin ya zo ɗaya.

Yau ina ganin wannan haramcin shi ne ginshiƙin rayuwar tsuntsun nan gaba ɗaya. Shamuwa tana da daji mai faɗi da za ta iya zaɓa, amma daga Sanagal har Bahar Maliya an fi samun sheƙarta a cikin ƙauyuka, bisa tsamiya da kuka da gawo, har bisa jinkar ɗaki. A wasu wurare mutane kan ɗora tsohon kwando a kan jinka don ta samu inda za ta fara. A cikin gari muzurun daji da sauran masu hawan itace ba sa sakewa, abin da ya rage mata tsaro sai hankaka da shirwa, su kuma muddin ɗaya daga cikin iyaye na kan sheƙa ba sa samun dama. Ita kuma tana biya da fara da tsutsa da ɓeraye da take kwashewa daga gonaki. Kakanninmu ba su rubuta yarjejeniyar ba, amma sun riƙe ta fiye da yadda ake riƙe rubutattu.

Ganin ƙwanta da idona ya zo ne ta hanyar aiki. Kafin ruwan fari akan yi yaɓen soro a gyara indararo, mu yara ne masu hawa tsani da laka. Daga saman soron zaure, sheƙar da ke kan reshen nan tana daidai ƙirjina, taku kaɗan tsakaninmu. Uwar ta miƙe tsaye ta dube ni da ido ɗaya, ba ta tashi ba. A ƙarƙashinta ƙwai uku ne, farare masu ɗan duhun ƙasa, sun ɗan ɗara na kaza. Ta sa baki ta mirgina su ɗaya bayan ɗaya a hankali, ta gyara wani tsumma ja da na gane na tsohon zanen Inna ne, sannan ta lanƙwashe dogayen ƙafafun nan ta kwanta. Ƙwai biyu zuwa uku ne abin da ta saba yi, ba kuma rana ɗaya take zuba su ba, akwai tazarar kwanaki tsakaninsu. Kwancin ma karɓa-karɓa ne, namiji ya yi, mace ta yi.

A ƙasa mai zafi irin tamu, ɗumama ƙwai ba shi ne babban aiki ba, hana shi dahuwa ne. Da tsakar rana za ka ga mai tsaro ya miƙe ya juya wa rana baya, ya saki fukafukai ya yi wa sheƙar inuwa, baki buɗe yana haki. Waɗanda suka yi sheƙa a gawo sun fi shan wannan wahala, tunda shi da damina ba ganye gare shi ba. Muna yara mun lura ƙafafunsu kan yi fari a irin wannan lokaci, muna cewa farar ƙasa suka taka. Ashe kashinsu ne mai ruwa-ruwa suke saki a kan ƙafafun da gangan. Yana bushewa yana janye zafi daga jijiyoyin jinin da ke ƙafar, jinin ya koma jiki da sanyi. Dabara ce da dangin shamuwa suka shahara da ita, kuma tsuntsu ba ya gumi, dole ya nemi wata hanya.

Ƙyanƙyasa takan zo daidai da lokacin da gero ya fito ana noman fari. Ba dace ba ne kawai. Ƙwan fara yana kwance a cikin ƙasa duk tsawon rani, ruwan farko mai ƙarfi ne ke tashinsa, sai gonaki su cika da ɗango. Shinge na fitowa daga suri, kwaɗi na fitowa daga inda suka binne kansu, tsutsa na bin sabon ganye. A daidai wannan mako ne 'yan tsakin ke fasa ƙwai, jikinsu ba ƙarfi, da ɗan gashi toka-toka, kai ya fi ƙarfin wuya. Ba irin 'ya'yan gauraka ko na zakaran ƙeƙuwa ba ne, waɗanda ke bin uwa da ƙafa tun ranar farko. Ɗan shamuwa sai an kawo masa komai. Iyayen kan cika ciki a gona, su dawo su amayar da abincin a tsakiyar sheƙa, 'ya'yan su yi ta tsinta. Idan rana ta yi tsanani har ruwa suke ɗebowa, su tsiyaya musu a baki da jiki. A makonnin farko ba a barin sheƙa ba kowa. Sai 'ya'yan sun yi ƙwari, cinsu ya ƙaru, sannan iyayen biyu ke fita kiwo tare.

Tazarar kwanakin nan da ke tsakanin ƙwai tana da nata sakamako. Na fari yakan riga na ƙarshe girma, ya fi shi tsawon wuya da ƙarfin ture. A shekarar albarka kowa na ƙoshi, duka su tashi. A shekarar fari ƙaramin ne ke fara tafiya. Farin 1973 ina ƙarami, abin da na riƙe daga gare shi bai wuce layin karɓar hatsi da mushen shanu a bakin hanya ba. Na 1984 kuwa da wayona. An yi shuka, ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone yana ɗan ƙarami, aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Shekarar nan muna tsintar matattun 'yan tsaki a gindin tsamiya da safe, ƙashin ƙirjinsu a tsaye, kuma wasu sheƙun an watse an bar su tun kafin marka. Kaka ta tsufa sosai a lokacin. Takan sa a haƙa rami a binne su, ba ta yarda a jefa wa karnuka ba. Ta ce abin da ya same su shi ya same mu.

Akwai kuma haɗarin iska. Hadarin farkon damina a ƙasarmu da guguwa da ƙura yake zuwa kafin ruwa. Wani dare aka yi irin wannan, da safe muka tarar da ɗan shamuwa a ƙasa, ya fara fitar da baƙin gashi a fukafukai amma bai isa tashi ba, jiƙe sharkaf, yana zaune a kan gwiwoyinsa yana huci. Baba ya dube shi ya dubi sama, ya ce wa ƙanensa, "Ɗauko tsani." Aka sa shi a ƙwarya aka rufe da tsumma don kada ya sari ido, domin bakin nan ko na ƙarami ba abin wasa ba ne. Baffa ya hau soro, ya miƙa hannu ya zuba shi a sheƙar da ta fi kusa. Iyayen suna kewaya sama. Ba a yi rabin sa'a ba ɗaya ya sauka ya amayar da abinci, muka ga kawuna uku sun sunkuya maimakon biyu. Ranar nan an makara zuwa gona, ba wanda ya yi ƙorafi.

A gona kuwa ita ce abokiyar aiki. Ana huɗa tana biye a baya, taku ɗaya-ɗaya, kai a sunkuye, ta cafke abin da garma ta tono. In muka kora awaki wajen kwarin Gawon Gulbi, mukan same su jere a gefen ruwa inda ciyawa ke gajera. Ko da yake danginta tsuntsayen fadama ne masu shiga ruwa da ƙafa, ita ta fi son tudu da gona da makiyaya, ruwa sai don sha da kwaɗo. A fadamar ne muke ganin sauran. Akwai wata baƙa wadda bakinta ba ya haɗuwa a tsakiya ko ta rufe shi, abincinta dodon koɗi. Akwai babban yayansu borin-tunke, mai sanƙo da jakar wuya, tsayinsa ya kai mita ɗaya da rabi, wanda muke gani jefi-jefi wajen mahauta tare da ungulu. Shi lissafinsa ya saɓa wa na shamuwa: da rani yake ƙwai, lokacin da tafkuna suka janye, kifi ya taru a ɗan ruwan da ya rage, mushe kuma ya yawaita. Dangi ɗaya, kowa ya ɗora haihuwarsa a kan lokacin da abincinsa ya fi samuwa.

Balbela da zalɓe ba danginta ba ne, ko da yake yara kan haɗa su. Bambancin yana sama: shamuwa na tashi da wuya a miƙe, ƙafafu a miƙe, su kuwa sai sun naɗe wuya. Balbela ma a cikin gari take sheƙa da damina, ɗaruruwa a itace guda, da hayaniya da ƙarni, har mutane kan buga gwangwani su kore ta. Ban taɓa ganin an yi wa shamuwa haka ba.

Wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba 'ya'yan sun kai girman iyaye, sai dai launinsu bai yi walƙiya ba, fuskar ma ba ta yi shuɗi ba. Za ka gan su tsaye a bakin sheƙa suna ta kaɗa fukafukai suna tsalle, yau reshe na kusa, gobe soron maƙwabta, jibi gona. Da gero ya nuna aka fara yanka, sai su fara taruwa da yawa a fili. Da hantsi, idan ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai ɗumi na tashi sama, sai su hau ta suna kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba, suna ƙanƙancewa har ido ya kasa riƙe su. Wata safiya sai ka ga tsamiya ba kowa. Mun tambayi Kaka inda suke zuwa, ta ce Makka. Mun yarda, har muna ba su saƙo.

Gabas ɗin dai ba ta yi kuskure ba, sai dai daga can kudu suke karkata. Shamuwa tana ƙetare tsakiyar duniya ne ta bi damina zuwa gabashi da kudancin Afirka, Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, inda ruwa ke sauka daga Nuwamba zuwa Maris. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike daga Danmak sun ɗaura wa shamuwa na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi a Jamhuriyar Nijar, suka bi sawunta har Tanzaniya. Tafiyar dubban kilomita ce, yawancinta a kan iskar nan mai ɗumi. A can ba ta sheƙa, ba ta ƙwai, kiwo kawai take yi cikin garken da kan kai dubbai, tana bin fara da tsutsar da ke cinye masara, manoman can ma suna murna da zuwanta. Ashe tsuntsuwar da Kaka ke kira baƙuwa, a kan tsamiyarmu aka haife ta, a can ne take baƙunta. Kuma a rayuwarta ba ta san rani ba, daga damina sai damina.

Turawa sun sa ta a littattafansu a 1823, da sunan Abdim, wani gwamna da Turkawan Masar suka naɗa a arewacin Sudan. Su ma sun daɗe suna jayayya a kan inda tasu farar shamuwar ke ɓacewa da hunturu, har a 1822 aka harbo wata kusa da garin Klütz a Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostock. Irinta ne muke gani jefi-jefi da rani a fadamunmu, sun shigo ta mashigin Jibralta ko ta Gabas ta Tsakiya, don iskar da suke hawa ba ta tashi a kan teku.

Aikin malamin gona ne ya sa na sake duban shamuwa da wani ido. Bayan farin 1984, ruwa ya dawo a 1985, sai 1986 fara ta ɓarke a faɗin Sahel. Ina sabon ma'aikaci a lokacin, muna raba garin magani ana barbaɗawa da buhu, wani wurin ana feshi. Ba na zargin manomin da ya ga geronsa na ƙarewa a gabansa ya nemi magani, ni ma da hannuna na miƙa masa. Amma na ga shamuwa na bin gonar da aka yi wa feshi da safe tana tsintar farar da ta faɗi tana shure-shure, na kuma san inda za ta kai ta: sheƙa. Maganin da ke kashe fara nan take guba ne ga mai cin farar. Binciken da aka yi daga baya a kudu maso gabashin Nijar ya nuna garken shamuwa na bin inda fara ta yi yawa suna cin ta da yawan gaske, wato muna sa guba a abincin ma'aikacin da ba ya karɓar lada. Akwai mafita. Wani shiri mai suna LUBILOSA da aka fara a 1989, tare da cibiyar binciken noma ta IITA reshen Kwatano, ya samar da maganin fara daga wani naman gwari, ana kiransa Green Muscle, an kuma gwada shi a Nijar. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, amma ba ya cutar da tsuntsu. Har na bar aiki ban ga ya zama abin da manomin Kajiji ko Dandin Mahe zai shiga kasuwa ya saya ba, kuma wannan yana damuna.

Shagari ta yau ta ninka wadda na sani. An gina madatsar ruwa a kan Gawon Gulbi, ana noman rani, zalɓe da balbela da kirinjijiya sun samu wurin zama har da bazara. Shamuwa ba ta ci ribar wannan sosai ba, domin ba ruwa ne matsalarta ba, itace ne. Manyan tsamiyoyi da kukoki da gawo na cikin gari sun tafi, wasu don faɗaɗa gida, wasu don itacen girki da gawayi. Tamu ta faɗi ne lokacin da aka raba gado, filin ya faɗa rabon wanda ke son shaguna. Jinka ta koma kwano, ba inda kara zai tsaya. Dogon yaro da ya cika gari yana da inuwa, amma ana yawan sassabe shi, ba a barin rassansa su yi kaurin ɗaukar sheƙar shekara da shekaru. Inda na fi ganin sheƙa yanzu, daga nan har Sifawa da Danchaɗi, shi ne maƙabartu da harabar tsofaffin masallatai, inda gatari ke jin nauyin shiga, sai kuma ƙarafunan sadarwa. Gauraka da muke jin kukanta a fadama ta ɓace, ungulu ma ta zama abin nema. Shamuwa ba ta kai nan ba, tana zuwa har yanzu, amma na tambayi yaran unguwarmu sunanta, da yawa balbela suka ce.

Abin da nake roƙon hakimai da masu unguwanni da limamai ƙarami ne, ba ya cin kuɗi. Itacen da ke da sheƙa a san da shi, a hana taɓa shi daga Afrilu zuwa Oktoba. In sassabe ya zama dole, saboda wayar lantarki ko gini, a yi shi tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da masu shi suna kudu, a kuma bar cokalin reshen da sheƙar ke kai, don namijin da zai dawo ita zai fara nema. Mai feshi a gonar da ke kusa da gari ya yi da yamma, bayan sun koma kwana. Malaman firamare kuma su fita da ɗalibai sau ɗaya a Yuli su ƙirga sheƙun unguwarsu, su rubuta irin itacen da adadin 'ya'yan da suka hango, a ajiye littafin a ofishin hedimasta, ajin baɗi ya ɗora a shafi na gaba.